Motar da Na Hana Durƙusawa

Duk akori-kurar da ta fito daga kamfani, in ka koma gefe ka dube ta babu kaya, za ka ga bayanta ya ɗara gabanta tudu. Da gangan maƙeranta suka bar wannan rarar, domin idan aka ɗora mata abin da aka yi ta dominsa, bayan ya sauko ya yi kai ɗaya da gaban. Idan ya sauko har ya zarce, hancinta ya kalli sama, to mota ta faɗi abin da ke bakinta, saura mai ji. Kawuna, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan Peugeot 404 da 504, zamanin da kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya cika hanyoyin Arewa da su, bai taɓa hawa sikeli da motarsa ba. Abin awonsa dunƙulen hannunsa ne. In 'yan dako sun gama lodi sai ya tsuguna ya cusa hannu tsakanin tayar baya da bakin bodi. Ya shiga, a tafi. Bai shiga ba, a sauke buhu, ko da mai kaya zai yi birgima a ƙasa. Muna yara muna yi masa dariya, wai Kawu ya fi tausayin ƙarfe a kan mutane.

Ni boko na yi, don haka na ɗauka na fi shi sanin ƙarfe. Da na bar aikin albashi sai na faɗa sana'ar casa. Na sayi injin casar alkama da shinkafa, na sa mai walda ya ƙera masa 'yar tirela mai taya biyu, na samo tsohuwar Hilux 'yar Kwatano mai ƙofa huɗu, irin ta da, wadda ba ta da na'urar nan mai hana taya kullewa in an danna birki. Da ita nake jan injin zuwa gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa, Kura da Kadawa da Garun Malam da Bunkure. Tafiya lafiya lau. Dawowar ce ke da magana, don ba kowane manomi ke biya da kuɗi ba. Da yawa da hatsi suke sallamarka, kuma ba ka isa ka bar ladanka ya kwana a bakin gona ba. Sai yamma ta yi, ga inji a kan tirela, ga buhunan lada an jibge a gabansa wajen wuyanta inda akwai fili, ga wasu a bodi, ga duron dizal, ga yaran aiki sun hau. Motar sai ta zauna daɓas.

Abin da ban taɓa gaya wa Kawu ba har ya koma ga Mahaliccinsa shi ne, zaman nan da motar ke yi bai taɓa ba ni tsoro ba. Kunya yake ba ni. Mota mai jan gindi a ƙasa tallar maigidanta take yi, duk wanda ya gani ya san an yi haɗama. Jami'an hanya tun daga nesa suke hango ta su ɗaga hannu, kuma da gaskiyarsu. Da dare kuwa fitilunta sukan bar kwalta su koma cikin idon direban da ke tahowa, ya yi ta watsa mini babbar fitila yana ɗaga mini yatsu biyar, alhali ƙaramar na kunna. Rage kaya bai ko zo mini a rai ba. So nake in ɗauki kayan, a kuma daina ganin na ɗauka.

Na sayo tsofaffin fallayen sifirin na wata motar da ta fi tawa girma, na kai wa wani mai haɗa sifirin. Aikin yana da ban sha'awa in kana kallo. A ɗaga mota, a kwance yubol, a cire santabol ɗin da ya ratsa tsakiya ya riƙe fallayen, su watse a ƙasa. A ɗauki kowanne a ɗora a kan maƙera a yi ta dukansa da guduma har lanƙwasarsa ta dawo. A yanke sababbin daidai tsawon da ake so, a jera, a nemo dogon santabol da dogayen yubol. Mutumin ya ɗago ya ce, "Alhaji, guda nawa za a ƙara?" Na ce, "Ƙara har sai ta daina durƙusa." Ya sa uku-uku. Abin da na ce ya yi shi ya yi, kuma ya yi shi da kyau.

Washegari da yamma muka yi lodi irin na kullum, motar ta tsaya ƙyam. Na zagaya ta ina jin daɗi. Yaran suka yi tafi. In babu kaya kam ta zama azaba: a kan gargada bayanta tsalle yake yi yana karkacewa, uwargida ta hau sau ɗaya ta ce ba da ita ba, shokozoba suka fara zubar da mai saboda an miƙar da su fiye da tsawonsu. Duk na ɗauke shi a matsayin kuɗin shiga. Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda lodin ya riƙa ƙaruwa da kansa. Da, in motar ta zauna, yaran da kansu suke cewa ya isa. Yanzu babu abin da zai ce ya isa. Manomi ya ce don Allah a taimaka masa da buhu biyu zuwa bakin titi, a duba mota, a ga ko gezau ba ta yi ba, a ɗora.

Wata rana a watan Maris, lokacin da casar alkama ke haɗuwa da kakar tumatir, na biyo ta Kwanar Gafan. Wanda ya san wurin a irin wannan lokaci ya san kasuwa har kan kwalta take malalowa. Ba gudu nake yi ba. Wata J5 ta fito daga gefe ba sigina, na taka birki, tayoyin gaba suka yi ƙara suka kulle, motar kuwa ta ci gaba da tafiya abinta, na juya sitiyari ban ji ta amsa ba sai da na saki birkin. Na faɗa gefe, na bi ta kan kwandunan tumatir na wani bawan Allah. Allah ya kiyaye babu rai, babu ko ƙwarzane a jikin mutum. Na biya kuɗin tumatir da na kwanduna, na sha maganganu, wasu na cancanta, wasu kyauta aka ba ni.

Na ɗora laifin a kan takalman birki, na canja su, ban ga wani bambanci ba. Daga nan na kai ta wurin wani dattijon bakanike, abokin Kawu ne, Baba muke ce masa. Bai ko buɗe bonet ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta ta baya, ya jima, sannan ya ce, "Sunkuyo ka gani, ɗana."

Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe manne a jikin casis, sama da aksul, bututun man birki na shiga cikinsa yana fita. Wata siririyar sanda mai sifirin ta taso daga jikinsa ta je ta kama aksul. Shekaru ina da motar ban san da shi ba.

"Da wannan mota take sanin an yi mata lodi," in ji shi.

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na tarar haka yake a littafin gyaran motar, shi ne: akori-kura in babu kaya bayanta ba nauyi, in aka ba tayoyin baya cikakken ƙarfin birki sai su kulle, motar ta juya ta kalli inda ta fito. In kuwa da kaya, tayoyin bayan ne ke danne da ƙasa, ya kamata su ɗauki ƙarin rabo na aikin tsayawa. To ta yaya birki zai san yau da kaya ko babu? Ta wannan bawul. In bodi ya sauko kusa da aksul, sandar ta tura shi, ya buɗe wa man birki hanya zuwa baya. In bodi na sama, ya rage. Motocin yanzu kwamfuta ce ke wannan rabon, amma irin tawa da dubban irinta da ke yawo a hanyoyinmu, da durƙuson nan kaɗai suke aunawa.

"Kai kuma ka je ka hana ta durƙusa," in ji Baba. "Yanzu ko tan biyu ka ɗora, shi abin da ake gaya masa shi ne babu kowa a baya. Birkinka na baya barci yake yi. Na gaba kaɗai ke aiki, shi ma ka ɗage masa ƙafa."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi ɗaure mini kai, don ni a ganina tunda motar ta miƙe, nauyi ya rabu daidai ke nan. Sai da na zauna da biro da takarda. Ƙugiyar da ake maƙala tirela tana bayan aksul na baya, a motata da tazarar kamar mita 1.2. Tsakanin aksul na gaba da na baya kuwa kusan mita 3 ne. Duk abin da ya danna ƙugiyar, aksul na baya ne madogararsa, sai ya ɗaga gaban motar. A ce wuyan tirela ya sauke kilo 300 a kan ƙugiya. Ka ninka 300 da 1.2 ka raba da 3, ka sami 120. Wato an cire wa tayoyin gaba kilo 120, tayoyin baya kuma an ɗora musu 420, ba 300 ɗin da kake zato ba. A cikin lissafin nan babu inda sifirin ya shigo. Ka sa falle uku, ka sa ashirin, tazarar ƙugiya da aksul tana nan, kilo 120 ɗin nan sun bar gaba ba za su dawo ba. Tayoyin da ke juya mota, waɗanda kuma su ne ke da birki mafi ƙarfi, sun rage riƙon ƙasa. Shi ya sa suka kulle da wuri a Kwanar Gafan, shi ya sa sitiyari ya yi sakwaf a hannuna. Da can ma haka abin yake, sai dai da can ina ganin hancin motar a sama in rage gudu. Gyaran gangar Auzinawa na yi, da kuɗina.

Sai maganar tirelar kanta, wadda ba ta da birki ko na rantsuwa, kamar yawancin waɗanda masu walda ke ƙera mana. Mutane na son ambaton cewa sabuwar Hilux tana jan kilo 3,500. Gaskiya ne ga wasu samfuranta, amma da sharaɗin tirelar tana da birkinta. In ba ta da shi, adadin da aka rubuta kilo 750 ne, kuma wannan ita ce iyakar da doka ta sa a Ingila da ƙasashen Turai. Tawa, da inji da buhuna, ta ninka haka ta wuce. Duk wannan nauyi, in na taka birki, ta ƙugiya yake turo motar.

Akwai wani ɗan faranti na ƙarfe a jikin ginshiƙin ƙofa ko a cikin bonet, wanda yawancinmu ba mu duba shi sai in za a yi takardu. A motocin da suka fito daga Turai za ka ga adadi huɗu a jere: nauyin da motar za ta kai gaba ɗaya da kayanta, nauyinta haɗe da abin da take ja, sai iyakar aksul na gaba, sai ta na baya. Akori-kura irin wannan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan guda ba ko ƙasa da haka, kuma a cikin tan gudan har da direba, da yara, da jarkoki, da jak, da nauyin wuyan tirela. Buhun taki ko na siminti kilo 50 ne, na hatsi cikakke yana kaiwa 100, ruwa lita 1,000 tan guda ne cif. Mutum biyar da duro guda sun riga sun ci fiye da rabi kafin a taɓa buhu. Babu mai haɗa sifirin ɗin da zai iya canja adadin da ke jikin farantin nan, domin ba sifirin kaɗai aka duba aka rubuta shi ba. An duba boris, wanda a irin wannan mota guda ɗaya ne a bakin kowace tayar baya, kuma sandar da ke juya tayar ita ce dai ke ɗauke da nauyin. Duk direban da ya daɗe a hanya ya taɓa ganin akori-kura a gefen titi tayarta ta zaro da sandarta. An duba faɗin birki. An duba kaurin casis. An duba taya.

Taya ma tana da rubutunta. Irin wadda nake sawa, 195R14C, an buga mata 106/104. Lamba 106 ɗin nan na nufin kilo 950 ga taya guda, biyun baya ke nan 1,900, kuma har da nauyin bayan motar kanta a ciki. Wannan ma sai in an ba ta cikakkiyar iskar da aka rubuta a jikinta, wadda takan kai 65 a gejin mai faci. Da yawanmu a 40 muke tsayawa don kada mota ta yi tauri. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi gefenta ke ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi, ga kwaltar watan Afrilu, sai ka ji fam. Akwai kuma lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, waɗanda hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana roƙon mu riƙa dubawa.

Daga baya na gane ba mu kaɗai ke wannan cuta ba, sai dai kowa da irin tasa. A Amurka, inda akori-kura ta zama motar gida, akwai abin da suke sayarwa musamman don daidaita ta. Mafi arha shi ne 'yan zobban da ake cusawa a saman sifirin na gaba su ɗaga hanci da kamar inci 2, don motar ta yi kai ɗaya tana fanko, a kuma sami wurin sa manyan tayoyi. Ado ne zalla, kuma ga mai jan kaya asara ce, don rarar nan ta baya da kamfani ya bari an cinye ta tun kafin a maƙala komai. Na biyu jakunkunan iska ne da ake sawa tsakanin casis da aksul, in za a yi lodi a hura, in an sauke a sace. Sun fi fallayena hankali nesa ba kusa ba, tunda mota ba ta zama azaba in babu kaya, amma a wajen lissafin ƙugiya kanwar ja ce, su ma ba su mayar da ko kilo guda gaba. A Ostareliya an sha ganin motoci masu ƙofa huɗu casis ɗinsu ya lanƙwashe daidai bayan gidan direba, saboda an tara nauyi a can bayan aksul, wani lokaci kuma jakar iska ta tattara shi a wuri guda da ba a yi shi don haka ba. Na ukun ne kaɗai ya burge ni: wata irin ƙugiya mai dogayen sanduna biyu na ƙarfen sifirin, waɗanda ake ɗaurewa da sarƙa a jikin wuyan tirela. In aka ɗaure su sai su murɗa casis ɗin motar, su ɗebi wani ɓangare na nauyin su mayar wa tayoyin gaba, wani kuma su tura wa tayoyin tirela. Ita ma tana miƙar da mota, amma miƙewar tata ta biyo bayan nauyin da ya koma inda ya dace. Ko ita ba ta ƙara wa mota iyakar da ke jikin faranti.

Ban sami irinta a nan ba, kuma tirelata ba a ƙera wuyanta don ita ba. Abin da muka yi da Baba mai sauƙi ne. Muka cire falle biyu-biyu, muka bar guda a can ƙasa, miƙaƙƙe, wanda ba ya taɓa sauran sai mota ta fara saukowa. Ya saita sandar bawul ɗin. Muka kwance injin muka matsar da shi ya zauna a kan aksul ɗin tirela, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. Na kai wuyan tirelar kan sikelin wani ɗan hatsi, na tokare shi da guntun katako daidai tsawon ƙugiya, na karanta. Ƙa'idar da Amurkawa ke bi ita ce wuya ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela duka. Jimillar kuwa a sikelin mota na wani kamfanin shinkafa na auna, da 'yan kuɗi kaɗan.

A nan ma sai da aka kusa yin ɓatan ɓakatantan. Yaran sun ji ana cewa wuya ya yi nauyi, sai wata rana suka kwashe buhunan duka suka jera a wutsiyar tirela. Muna hawa kwalta, gudu ya ɗan ƙaru, sai na ji bayan motar yana kaɗawa hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Tirelar da wuyanta ba shi da nauyi haka take yi, kuma ta fi mai nauyin wuya saurin kisa. Baba ya riga ya gaya mini maganinta: kada ka danna birki, kada ka bi ta da sitiyari, riƙe shi ƙam, ɗage ƙafa daga totur a hankali har ta lafa. Ta lafa. Muka sauka muka sake lodi a bakin titi, babu mai cewa uffan. Daga baya na samo tsohon aksul na tirela daga Turai mai birkin da ke kama kansa in ta turo mota, aka sa mata.

Yanzu tef ɗin awo na tela yana cikin aljihun motar. Kafin a maƙala komai in auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman kowace taya, bayan lodi in sake. Na baya ba ya tayar mini da hankali in ya sauko, aikinsa ke nan, muddin bai kai ga robar nan da ke tare aksul ba. Na gaba nake sa wa ido. In ya ɗaga fiye da kaurin yatsa biyu, akwai abin da za a matsar ko a sauke.

Ina cikin ba uwargida wannan labari wani dare, da zumuɗin wanda ya gano sabon abu, sai ta ce, "Baban yara, ai kai ma fallayen aka ƙara maka." Na yi kamar ban gane ba. Ni ne babba a ɗakinmu. Tun rasuwar mahaifinmu, kuɗin makarantar wannan, asibitin wancan, kayan ɗakin wance, duk ƙofata ake bugawa, amsata kuma guda ce: ba komai, Allah zai rufa asiri. In babu, in ranto. In rancen ya zo biya, in ranto wani in toshe. Sallah ta zo in ɗinka sabuwar shadda, don kada a ga alama. A raina kuma ina ƙullace da ƙannena, ina cewa ba su da tausayi. Ita ta nuna mini ba su da laifi: sun duba, sun ga mutum tsaye ƙyam, sun ɗora. Har waɗanda ke da halin taimakawa ba su motsa ba, don babu abin da ya gaya musu lokaci ya yi. Ba na son in ja wannan kwatance ya yi tsawo, mutum ba ƙarfe ba ne, zumunci kuma ba a auna shi da kilo. Amma bayan Sallar da ta biyo na tara su a ɗakin Hajiya mahaifiyarmu, na faɗi abin da nake samu da abin da ake bina, da adadinsa. Ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Ɗaya ya ɗauki maganin Hajiya gaba ɗaya, har yau shi ke saye. Ɗaya ta yi kuka ta ce me ya sa ban faɗa tuntuni ba. Ɗaya ya ɗauka da shi nake, ya yi watanni ba ya zuwa gidana. Ya dawo, amma ba kamar da ba, wannan kuma na karɓe shi a matsayin kuɗin abin da na jinkirta.

Autanmu ne ke tuƙa motar yanzu, kuma ba mu gama shiryawa da shi a kan lodi ba. Hujjarsa tana da ƙarfi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sawu biyu ya zama abin da ake tunani kafin a yi. Yakan ce, "Yaya, dubi motocin mutane, ninkin namu suke ɗauka, kuma ga su nan suna yawo." Suna yawo kam. Yawancin ranaku obalodi lafiya yake isa gida, shi ya sa wa'azi ba ya kama shi. In ka yi lissafin yini guda, shi ke da gaskiya. In ka yi na shekara, ka sa boris da taya da shokozoba da waldar casis da ranakun da inji ya kwana a gareji ana tsakiyar kaka, sai tazarar ta tsuke, ko da ba a sa abin da ba a fata ba. Shi bai yarda da lissafina ba, yana cewa na cika sa tsoro a ciki.

Abin da muka tsayar shi ne buhunan lada ba sa bin inji. Mun kama ɗan shago a ƙauye muna tarawa, ƙarshen mako babbar mota ta kwaso su tare da na wasu. Akwai kuɗin haya, akwai na dako sau biyu, akwai rabon ɓera. Na kuma san in ba na nan yakan saci hanya ya ɗora biyu ko uku a bodi, can gaba jikin gidan direba inda na nuna masa, ni kuma ina kawar da kai. Gaskiyar da mu biyun muka sani ita ce aikin ya fi ƙarfin akori-kura, ƙaramar babbar mota yake nema, mai taya biyu-biyu a baya. Mun fara tari tun bara. Farashinta na gudu, ya fi mu sauri, zuwa yanzu abin da ke ƙasa bai wuce kuɗin tayoyinta shida ba.